Rodin da Na Tumɓuke a Kan Dutse

Ni na yi laifin. Na faɗa tun farko don kada wani ya karanta rabin labarin nan, ya ga yadda aka yi mini, ya fara ba ni gaskiya. An cuce ni, haka ne. Amma abin da na yi don in rama ya fi abin da aka yi mini muni, kuma da hankalina na yi shi, da rana tsaka, bayan na daɗe ina shiri. Sunana Ayuba, mutumin wajen Dass ne ni a ƙasar Bauchi. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, sana'ata kuwa kafin in bar gida fasa dutse ce a Jos.

Cacar biza ce ta kawo ni Amurka, na bar matata Laraba da yara a gida. Wanda ya tarbe ni a Greensboro wani ɗan garinmu ne, ba zan kama sunansa ba. Ya ce ya samo mini aikin gini. Washegari ya kai ni wata gonar dawaki a Summerfield, can bayan gari, ya nuna mini shebur da baro. Kashin doki na yi ta kwashewa har sanyi ya shigo. A wani ɗaki nake kwana bayan ma'ajiyar ciyawa, albashina kuwa hannunsa yake shiga, wai yana ajiye mini. Wurin babu kanti da za ka taka da ƙafa, babu maƙwabcin da za ka ce wa ina kwana. Dawakan suna da bargo, suna da likitansu. Ni na yi ciwon haƙori har kumatuna ya kumbura, da ruwan gishiri na yi ta kuskure baki. A can na koyi haɗiye magana. Ban taɓa ce wa mutumin nan uffan ba, har yau in mun haɗu a coci hannu nake ba shi. Ina jin abin da na haɗiye a Summerfield ne ya taru, na je na amayar da shi a kan wadda ba ta kai shi laifi ba.

Wanda ya fitar da ni wani direba ne mai kawo abincin dawaki. Wata rana doki ya taka ni, ina ta zaginsa, sai na ji murya daga cikin mota.

"Kai! Wa ke zagin dokin mutane da Hausa a nan?"

Na juya na ga wani dattijo gajere da farar hula.

"Ɓata bakinka kake yi," in ji shi. "Dokin ƙasar nan Turanci yake ji, shi ma sai ka ce masa filis."

Alhaji Musa ke nan, mutumin zangon Kumasi a Gana. Ya leƙa ɗakina sau ɗaya, ya ce in kwaso kayana. Ya kai ni gidan da yake haya a gabashin Greensboro, ya dafa shinkafa da wake irin tasu da baƙin yaji, ya zuba a kwano ɗaya ya tura mini ruwan wanke hannu. Na ce masa, "Alhaji, ni fa Kirista ne." Ya ce, "Shinkafar ce ta tambaye ka? Sa hannu." Tun daga ranar kwanonmu ɗaya. Shi ya samo mini aikin ɗaukar kaya a wani sito, shi ya koya mini tuƙi a titin nan nasu, shi kuma ya nuna mini cocin da mutanenmu na Arewa ke zuwa.

A cocin na san Mama Saratu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, mai gida a Pleasant Garden, kusa da Greensboro. Bayan sujada can muke taruwa mu ci tuwo da miyar kuka. A wurinta 'yar ƙaninta Rifkatu take zaune, tana karatun digirin dokta a kan tsirran da ke fitowa a ƙololuwar duwatsu. Yarinya mai kaifin kai da saurin magana. Kawu take ce mini. Da ta ji sana'ata a gida, sai ta ajiye cokali.

"Kawu, da gaske ka iya fasa dutse? Ba irin na cika baki ba?"

Na nuna mata tafin hannuna. Ta ce malaminta yana neman mai ƙarfi wanda ba ya tsoron tsayi. Haka na shiga ayarinsu.

Daga Greensboro yamma muke nausawa, tafiyar 'yan awoyi, hanya tana ta hawa tana murɗewa har kunnuwa su toshe. In ka kai sama, ko a tsakiyar lokacin zafi sai ka sa rigar sanyi. Gajimare yakan sauko ya rufe ku, ka miƙa hannu ka kasa ganin yatsunka sosai. Akwai bishiyoyin da suka mutu a tsaye, sun yi fari fat. Ranar farko da na tsaya a can na ga tuddai jere har iyakar gani, na tuna ƙasarmu, don ban ga abin da ya yi kama da gida ba sai ranar. Na sa aka ɗauke ni hoto da hular kwano da igiya a ƙugu, na tura wa Laraba. Ta ce yara sun zaga da shi gida-gida.

Aikin iri biyu ne. Na farko na Rifkatu. Akwai wani ɗan tsiro mai fure rawaya da ba ya fitowa ko'ina sai a 'yar ƙasar da ke manne da goshin dutsen. Tun shekaru masu yawa wasu masu bincike suka yanka 'yan fuloti a wurin, kowanne bai fi faɗin tabarma ba, suka kafa guntayen rodi biyu a kusurwoyinsa. Kowace shekara a zo a ɗora wani firam na farin bututu a kan rodin nan biyu, a ɗauki hoto, a ƙirga tsiron da ke ciki. Duk amfanin aikin yana ga cewa wuri ɗaya ake ƙirgawa bana da bara da bariya. In rodi ya gusa, ƙirgar ta zama banza. Rifkatu takan ce, "Kawu, ka taka ni, amma kada ka taka rodin nan."

Na biyu na malaminta ne, wanda kowa ke ce wa Farfesa, wani dogon Bature mai magana a hankali. Shi dutsen kansa yake bincike, yadda ya lanƙwashe tun zamanin da, da irin ƙasar da yake haifarwa. Kafin a fasa masa guntun dutse, dole a ɗora kamfas, abin nan mai nuna arewa, a zana kibiya a jikinsa da baƙin alƙalami. In ya rabu da uwarsa babu kibiya, ba za a san yadda yake kwance ba, ya zama dutsen jifan kare kawai. Wani ya zana, ni in buga. Farfesa ya ga yadda nake buga guduma, har ya fara maganar zai riƙe ni a ɗakin yankan duwatsu na jami'a, aiki na dindindin. Da wannan aikin na yi niyyar fara neman kawo iyalina.

A shekara ta biyu abin ya faru. Akwai wani bango mai tsayi da sai da igiya ake sauka gare shi, kuma hukuma ta ba da izinin cire guntu ɗaya tak daga jikinsa. Ni da Rifkatu muka sauka. Iska tana kaɗa mu, sanyi yana ratsa mu. Ta auna, ta duba, ta sake aunawa. Na ɗora kurfi, ƙarfen fasa dutse, na ce, "In buga?" Ta ce, "Buga, Kawu, mu bar wurin nan." Na buga. Guntun ya fito lafiya a hannuna, gurbinsa kuwa ya ruguje ya zube ƙasa.

Da muka hau, Farfesa ya juya dutsen gaba da baya. Ya ce ina kibiya. Ya tambaya ko za a iya mayar da shi gurbinsa a auna, aka ce gurbin ya tafi. Ɗalibai biyu Turawa suna tsaye. Rifkatu ba ta dube ni ba, ta ce da Turanci, "Ya fasa kafin in zana." Turancina ba shi da yawa, amma wannan na ji shi sarai. Na buɗe baki, kalmomin suka ƙi jeruwa. Farfesa bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu ya karɓi gudumar daga hannuna, ya ba ɗaya daga cikin ɗaliban. Sauran kwanakin jaka na yi ta ɗauka. Maganar ɗakin yankan duwatsu ba ta sake tasowa ba, da shekara ta juyo kuma ba a kira ni ba. Na koma sito.

Na jira ta zo ta ba ni haƙuri. Ranar Lahadi sai ta rusuna ta ce, "Kawu, ina kwana," kamar babu komai. Da na gaji, na tare ta a wajen ajiye motoci na coci.

"Rifkatu, wa ya ce in buga?"

Ta duba hagu da dama. "Kawu, ka san yadda abin yake. Ni ɗaliba ce, komai nawa a hannun mutumin nan yake. Kai kuwa ba abin da za ka rasa."

Da ta ce ta ji tsoro, da wataƙila na haƙura. Amma wai ba abin da zan rasa. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji duk lokacin sanyi. Ina ɗaga kwali a sito ina jin ta. Laraba ta tambaye ni a waya yaushe zan sake hawa dutse, na ce ana gyaran hanya. Na riƙa kwatanta fuskar Rifkatu ranar da za ta san yadda rashi yake. Na yi tunanin in faɗa wa Mama Saratu, na ga za ta ce in yafe, yarinya ce. Ban so in yafe ba. So nake ta yi kuka.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, kafin lokacin hawansu, na ari motar Alhaji kamar yadda na saba, na ce zan je neman aiki a wani gari. Na ɗauki guduma da ɗan ƙarfen tono da tsohuwar hular kwanona. Na tarar an rufe hanyar sama da ƙofar ƙarfe, sai na ajiye motar a ƙasa na taka. Hawan da muke yi da mota, ranar da ƙafa na yi shi, cikin laka da ragowar ƙanƙara, iska tana yankan kunne. Numfashina ya riƙa tsayawa. Sau da yawa na zauna a kan dutse, kuma duk zaman da na yi akwai damar in juya. Ban juya ba. In na gaji sai in tuna wajen ajiye motocin coci, in miƙe.

Na san fulotin nan kamar gonar ubana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa duka ba, amma na taɓa da yawa. In tumɓuke rodi biyu, in matsa da su kamar kamu biyu ko uku, in sake kafawa da tazarar da suke da ita don firam ya zauna daidai. Tsofaffin ramukan na cusa musu tsakuwa na rufe da gansakuka. Kuma duk gefe ɗaya na riƙa matsawa, gefen da na san tsiron ba shi da yawa. Tunanin manomi na yi. A wurinmu in kana son ka ga bayan mutum, amfanin gonarsa kake so ya yi ƙaranci. Na ce bari ta hau da wahala, ta ɗora firam, ta ga wayam.

A saukowa gajimare ya rufe ni, na zame a kan wani falalen dutse na yi targaɗe a ƙafar hagu. Na ja jiki har na faɗa kan hanyar masu yawon daji. Can wani tsoho Bature da karensa suka same ni zaune. Ya ba ni shayi mai zafi daga gorarsa, ya ɗaure mini ƙafar da gyalensa na wuya, ya ba ni sandarsa, ya riƙe ni har mota. Ya ga hular kwano da guduma, ya tambaya ko ina cikin masu binciken tsirran nan. Na ce e. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce ya gode da muke kula musu da dutsensu. Na karɓi godiyar, na shiga mota. Ko kunya ban ji ba a lokacin. Ƙafa tana zogi, zuciya fari ƙal.

Su Rifkatu suka hau, suka ƙirga, suka sauko. Na je gidan Mama Saratu ranar Lahadi don in ga abin da na shuka. Tun daga ƙofa na ji guɗa.

"Ayuba, shigo ka taya mu murna!" in ji Mama Saratu. "'Yarka za ta je babban taro ta tsaya gaban manyan malamai."

Na ce murnar me. Rifkatu ta fito da tire, idonta yana ƙyalli.

"Kawu, abin da nake ta faɗa ne tun farko, cewa zafi yana hawa dutsen yana kashe tsiron. Shekara da shekaru abin yana raguwa kaɗan-kaɗan, ba mai yarda. Bana ya faɗi warwas. Abin tausayi ne, wallahi na yi hawaye a can, amma yanzu ba mai musu."

Ashe ƙarancin da na haɗa mata shi ne babban girbinta. Na zauna da tuwo a gabana kamar yashi. Na sha wahalar hawa, na yi ɗingishi wata guda, don in ɗora wa maƙiyiyata rawani. A hanyar gida na yi ta dukan sitiyari. Har na fara tunanin in koma in tumɓuke rodin gaba ɗaya in watsa su cikin kwari.

Ban kai ga haka ba. A wurin taron akwai wani tsohon malami da ya yi ritaya, yana cikin waɗanda suka kafa rodin tun farko. Da Rifkatu ta nuna hotuna, ya ɗaga hannu ya ce akwai wani dutse mai tsaga da ya sani a cikin fuloti kaza, yaya bana yake waje. Aka ɗauko hotunan shekarun baya aka gwada. Farfesa ya hau da kansa ya duba. Ya ga an gusar da rodi, kuma duk gefen da zai ba Rifkatu gaskiya aka gusar da su. Wa zai amfana in ba ita ba? Jami'a ta kafa kwamiti, aka dakatar da ita. In suka tabbatar ta yi maguɗi, za a kore ta, bizarta ta mutu, kuma babu jami'ar da za ta sake karɓarta ko a gida.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗin da ban ji irinsa ba tun da na zo ƙasar nan. Na riƙa cewa a raina, to yanzu ki ce wani ne ya fasa kafin ki zana.

Mama Saratu ta tara 'yan coci a gidanta don addu'a. Rifkatu tana zaune a ƙasa ta jingina da kujera, ta rame, kanta ba gyara. Aka yi waƙa, fasto ya yi tasa da Turanci. Sai Mama Saratu ta ce, "Ayuba, kai ka san dutsen nan, kuma addu'arka da Hausa tana ratsa ni. Ka roƙa mana Ubangiji ya tona wanda ya yi wannan aiki." Na miƙe. Na rufe ido na roƙi Allah ya fito da gaskiya fili, ya kunyata mugu. Muryata ba ta ko girgiza ba. Suka ce amin da ƙarfi, ni ma na ce.

Rifkatu ta raka ni mota. Ta ce, "Kawu, ko Farfesa bai yarda da ni ba."

"Da zafi, ko?"

"Me?"

"A ce ka yi abin da ba ka yi ba."

Ta dube ni, ta kawar da kai. "Kawu, yanzu ba lokacin wannan maganar ba ne."

Na ce to, Allah ya kawo lokacin. Na ja mota ina jin ko ɗan tausayin da ya fara taso mini ya koma.

Daɗi irin wannan ba ya zama a ciki, sai ka faɗa wa wani. Da yamma muna cin abinci da Alhaji Musa na kwashe labarin duka na ba shi, har ina dariya wajen maganar tsohon da ya gode mini. Na zaci zai ce ta ga irinta, don ya san abin da ta yi mini, ya ma taya ni zaginta a baya. Sai na ga ya tsame hannunsa daga kwanon.

"Da motata ka je?"

"Da ita."

"Kwasiya," in ji shi. Da Twi ke nan, yaren mutanen Kumasi, wato wawa. "Babanka yana da gona?"

Na ce yana da ita.

"Da me kuke iyaka?"

"Da tushen gamba."

"In mutum ya bi bayan ido ya matsar da gambar maƙwabcinsa, me kuke ce masa a garinku?"

Na san sunan da ake ba shi. A garinmu irin wannan mutum ko ya mutu ba a manta masa, ana nuna jikokinsa. Na ce, "Alhaji, ita ta fara."

"Ta fara. Ta yi maka ƙarya ta raba ka da aiki, ni shaida ne. Da ka je ka tsaya gaban malamin ka faɗa, da na bi ka na yi maka tafinta. Ba ka iya ba, kamar yadda ba ka iya da na Summerfield ba. Ka zaɓi inda ba mai ganinka. Kuma rodin nan ba nata ba ne ita kaɗai. Tsohon da ya kafa su, me ya yi maka?"

Ya tashi ya ɗauko faranti, ya ɗebi nasa daga kwanon, ya koma gefe ya ci. Bai kore ni ba, bai ce zai tona ni ba. Washegari ya dafa abinci kamar kullum, ya zuba mini a faranti dabam ya ajiye a kan tebur. Haka jibi, haka gata. Yana gaishe ni, yana tambayar Laraba da yara, amma hannunsa bai sake haɗuwa da nawa a kwano ba. Na yi fushi da shi ma. Na ce a raina me ya dami ɗan Gana da rigimar 'yan Najeriya. Na fara sayen burodi ina ci a sito don kada in ga farantin. Duk da haka ban je ba. Ina so a san wannan: ban tuba da wuri ba, kuma ban tuba don kirki ba.

Mama Saratu ce ta kira ni wata safiya ina sito. Ta ce in samo musu kwalaye manya na zuba littattafai. Na ce na me. Ta ce an shawarci Rifkatu cewa in ta amsa laifin da kanta, za a bar ta ta janye shiru ba tare da an yayata ba, ta koma gida. Ta gaji, ta ce za ta amsa. Ranar Litinin za ta je gaban kwamitin.

"Za ta ce ita ta yi?" na tambaya.

"To ya za ta yi, Ayuba? Ba ta barci, ba ta cin abinci. Gara ta koma da ranta."

Na tsaya da waya a hannu a tsakiyar kwalaye. Kuka nake so ta yi, ta yi. Rashi nake so ta sani, ta sani. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa za ta buɗe baki ta ɗauki aikina ta ce nata ne ba, ta tafi da shi har ƙarshen ranta, ni kuma in ci gaba da cin tuwon gwaggonta. Na nemi daɗin nan da nake ji, na rasa shi.

Da na gaya wa Alhaji zan je, bai yabe ni ba. Ya ce, "In ka je, kayanka kaɗai za ka ɗauka. Kada ka ɗauki nata ka ce za ka auna su a gabanta." Ya miƙo mini makullin mota.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Na tsaya gaban Farfesa da kwamitin, Alhaji yana yi mini tafinta. Na hau dutsen da su na nuna tsofaffin ramuka, aka tono tsakuwar da na cusa, aka mayar da rodi. An wanke Rifkatu, amma ƙirgar shekarar ta tafi, sai da ta ƙara shekara guda a karatu, kuma ta koma ta janye abin da ta faɗa a taro a gaban mutanen da suka tafa mata. Hukumar da ke kula da dutsen ta hukunta ni, ta hana ni sake taka wurin. A coci an sauke ni daga jagorar addu'a. Laraba ta ji daga bakina. Maganar kibiya kuwa ban tayar da ita a gaban kowa ba, Rifkatu ma ba ta tayar ba, har yau.

Amma kafin duk wannan akwai safiyar Asabar ɗin da na isa Pleasant Garden. Mama Saratu tana shanya a bayan gida, Rifkatu tana zaune a matakalar ƙofa da littattafai jibge a gefenta. Ta leƙa bayan motar.

"Kawu, ina kwalayen?"

"Ban kawo ba. Kira Mama."

Mama Saratu ta zo tana goge hannu a zani. Na cire hulata. Na girmi Rifkatu da kusan shekara ashirin, ban taɓa durƙusa wa na ƙasa da ni ba. Na durƙusa a kan tsakuwar ƙofar gidan, gwiwa biyu.

"Ayuba, lafiya? Tashi mana," in ji Mama Saratu.

Na ce, "Mama, bari in gama. Rifkatu, kada ki je ki amsa abin da ba ki yi ba. Ni na hau dutsen kafin ku hau, ni na tumɓuke rodin na matsar da su. Don in cuce ki na yi, da gangan. Da aka dakatar da ke murna na yi. Na tsaya a falon nan na yi addu'ar ƙarya, na ci abincinku, na bar ki kina ramewa ina kallo. Na san inda kowane rami yake, zan je in nuna, zan faɗa a gaban duk wanda kika ce, ko me za su yi mini. Shekararki da na ɓata ba ni da yadda zan mayar miki. Ban zo da wani dalili ba, kuma ban ce sai kin amsa mini yau ba. Na cuce ki, Rifkatu. Ki yafe mini."